Manomi, San Ƙarfenka Tun da Rani



An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu. Daga nan zuwa ruwan shuka akwai wata bakwai ko takwas. Wasu samari sun tafi bida. Wasu sun sauka fadama wajen albasa. Wasu suna gari, hantsi a rumfa, marece a dandali. Wannan magana ta kowa ce, amma ta fi shafar wanda ke da sauran lokaci a hannu.

Tashi ka leƙa inda ka jingine kayan noma. Dubi bakin hauya. Dubi kalme da sungumi da gatari. Girgiza ƙota ka ji. In ka iske baki ya dakushe, tsatsa ta ci, ƙota tana rawa, to yau ne ranar gyara. Ran da ruwan shuka ya sauka, kowa maƙera za shi. Maƙeri ɗaya ne, hannunshi biyu, mutum talatin na jiran shi. Kafin layi shi zo kanka, laima ta tafi. Damanarmu gajera ce, kwanan shuka da ya wuce ba shi dawowa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da muke so ka riƙe ke nan: manomin da ya san halin ƙarfe, ya kuma koyi ɗan aikin hannu, ba shi asarar kwanan shuka saboda kalme, kuma ba a sayar mishi da ruɓaɓɓen kaya a kasuwa.

ƘASARMU MAI CIN ƘARFE CE

Daga Tabotaki zuwa Buza, daga Keita zuwa Madawa, ƙasar Adar dutsi ce da fako da tsakuwa. Kalmen da ke shekara biyu a jigawa, nan ba shi kai haka.

Kakanninmu daga ƙasar nan sunka riƙa samun ƙarfensu. Maƙera na haƙo tama, su gina murhu na yumɓu, su jera tama da gawayi, wuta ta ci har ƙarfe shi rabu da kashinshi. Cikin shekarun 1960 wata Bafaransa mai bincike, Nicole Echard, ta zauna da maƙeran Adar, ta rubuta aikinsu, ta ɗauki silimar narkar tama, lokacin da aikin ke gab da ɓacewa. Abin da ya kashe shi kuwa tsohon ƙarfen mota ne, wanda ya fi tama sauƙin samu. Yau duk abin da maƙeri ke bugu daga tarkacen mota da injuna da ganguna shike fitowa.

Bukatar ƙarfe kuma ƙaruwa ta yi. A 1984 anka buɗe Furojen Keita da taimakon ƙasar Italiya da hukumomin FAO da PAM. Jama'a, mafi yawansu mata, sunka hau duwatsu da diga da dagi, sunka haƙa ramu, sunka jera duwatsu, sunka dasa miliyoyin itatuwa. A 1989 wasu manoman Ilela sunka je Yatenga ta Burkina Faso, sunka ga yadda ake rayar da fako da ƙananan ramu, sunka dawo sunka gyara tassa irin tamu. Yau ana tassa da rabin wata ko'ina cikin jihar Tawa.

Yi lissafi da kanka. In tsakanin rame da rame mita 1 ce ta kowane gefe, hekta ɗaya tana ɗaukar tassa 10.000. Kowane rame sara nawa ne a kan fako? Bakin diga ba shi gama wannan aiki ba tare da an sake fiƙe shi ba.

GIRMAN MAƘERI NA NAN

Ƙira gado ce a ƙasarmu. Akwai gidajen da sunka gaje ta kaka da kakanni, akwai Sarkin Maƙera, akwai sirrin da uba ke ba ɗa. Ba mu ce ka ƙwace musu sana'a ba. Mai ɗinke rigarshi da allura bai zama tela ba.

Aikin ƙarfe kashi biyu ne. Akwai aikin sanyi: wasa baki, gyaran ƙota, liƙe guga, ɗaure noti. Wannan na kowa ne, mace da namiji. Akwai aikin wuta. Shi a maƙera ake koyon shi. Je ka gaida maƙerin garinku, ka zauna, ka kama mishi zuga, ka duba, ka yi tambaya da ladabi. Mai tambaya ba shi ɓata. Babban aiki kamar ƙera sabon gatari, ko gyaran garmar shanu da gindin amalanke, a bar wa maƙeri da mai walda. Domin irin waɗannan manyan kaya ne anka kafa ma'aikatar ACREMA a Tawa.

Yaron da ke ƙera mota da waya da gwangwani, kada ka kore shi. Hannunshi ya riga ya fara karatu. Jawo shi kusa.

ƘARFE IRI UKU NE

A ido duk ƙarfe baƙi ne. Abin da ya raba su wani sinadari ne da ake kira karbon, shi ne jikin gawayi. Kaɗan ne ƙwarai ke cikin ƙarfe, amma shi ke ba shi hali.

1. Ƙarfe mai taushi. Cikin kilo ɗaya karbon bai wuce giram 2 ko 3 ba. Shi ne ƙusa, waya, ganga, ƙarfen ƙofa da taga. Shina lanƙwasa, ba shi karyewa. Ko ka gasa shi ka tsoma a ruwa ba shi yin tauri sosai. Shina da kyau wajen ƙugiya, zobe, maɗauri, murhu. Ba shi riƙe kaifi.

2. Ƙarfe mai jin ruwa. Karbon ɗinshi daga giram 5 zuwa 12 cikin kilo. Shi ne sifirin mota, wanda makanikai ke ce ma lam, da tsohon magagari, da faifan garmar tarakta. Sifirin yana da wajen giram 6, magagari wajen 10 ko fiye. Da irin wannan ake gatari, adda, kurfi, wuƙa da bakin diga.

3. Ƙarfen zubi. Karbon ya wuce giram 20 cikin kilo. Shi ne jikin tsohon inji da ƙafar keken ɗinki. Ba shi ƙeruwa. In ka buge shi fashewa shike yi kamar tukunya. Kada ka ɓata gawayi a kanshi.

Ƙarfen gini da ake sa ma siminti ba shi da tabbas. Wani mai taushi ne, wani shina ɗan jin ruwa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ga yadda ake gwaji:

Gwajin ruwa. Yanki ɗan guntu siriri. Gasa shi har shi yi ja, tsoma a ruwa. Kare idonka, ka buga da guduma. In ya karye ƙas, mai jin ruwa ne. In ya lanƙwashe, mai taushi ne.

Gwajin magagari. Goga magagari a bakin gatari ko adda. In ya ci da sauƙi kamar ana kankare rogo, bakin bai sha ruwa ba, ko kuwa ƙarfen mai taushi ne. In magagari ya zame bai kama ko kaɗan ba, tauri ya yi yawa, bakin na iya ɓallewa. Na ƙwarai shi ne wanda magagari ke ci da ƙyar.

Gwajin tartsatsi. A wurin mai walda, sa ƙarfen ga dutsin inji. Mai taushi na fid da dogon tartsatsi marar rassa. Mai jin ruwa na fid da tartsatsi mai yawa, mai fashewa kamar taurari.

Gwajin amo. Rataye ruwan kalme da zare, ka ƙwanƙwasa. Lafiyayye na amo mai tsawo. Mai tsaga amonshi gajere ne, kamar fasasshiyar ƙwarya.

In za ka kasuwa sayen kalme ko gatari, sa ɗan magagari a aljihu. Nemi izinin mai kaya, ka gwada. Maƙerin da ya yarda da aikinshi ba shi hana ka.

KAYAN DA ZA KA FARA DA SU

Ba sai ka tara da yawa ba. Ga na farko:

- guduma mai nauyin kilo 1;
- magagari mai faɗi, da ƙotarshi;
- kurfi na yankan ƙarfe, da mai tsini na huda;
- awartaki;
- zarton ƙarfe;
- dutsin wasa;
- tabarau na kare ido;
- uwar maƙera.

In ba ka da uwar maƙera, kan babbar guduma ko guntun ƙarfen gindin babbar mota ya isa. Kafa shi cikin kututture, ka binne kututturen a ƙasa don kada shi yi rawa. Wurin aiki shi zama mai inuwa, mai shan iska, nesa da rumbu da danni da tarin kara.

AIKIN SANYI

Wasa baki. Magagari gaba kaɗai shike ci. Tura shi, ka ɗaga, ka dawo. In kana goga shi gaba da baya, haƙoranshi kake kashewa. Kada ka sa mishi mai. Kalme da hauya gefe guda ake wasa su, kuma ba a sirance bakin kamar aska, don tsakuwa za ta naɗe shi. Gatari gefe biyu, da ɗan kauri bayan kaifin. Wuƙa da lauje su ke son siririn baki. In ka gama da magagari, bi da dutsin wasa da ruwa.

Miƙe baki. In bakin hauya ya naɗe, ɗora shi kan uwar maƙera, ka bi shi da ƙananan bugu, kusa da kusa, daga wannan kunne zuwa wancan. Bugun sanyi na miƙe shi, shina kuma ƙara mishi ɗan tauri. In ka ga alamar tsaga, tsaya.

Ƙota. Da busasshen icce ake ƙota. Ɗanye na ƙanƙancewa in ya bushe, sai ruwan kalme shi kama rawa. Yanke reshen aduwa ko magarya ko dogon yaro tun yanzu, ka aje a inuwa. Jiƙa ƙota a ruwa dabarar yini ɗaya ce, gobe rawar ta fi ta jiya. Gatarin da ke rawa ba a aiki da shi kusa da mutane.

Liƙi da ƙusa. Guga, bokiti ko butar ban ruwan albasa in ta huje, ba ta mutu ba. Yanko ƙyallen ƙarfe wanda ya fi hujin faɗi da yatsa biyu ta kowane gefe. Yanko roba daga tsohon tib, daidai da shi. Sa robar tsakani. Huda su tare, ka sa noti a ƙarƙashi don bakin kurfi shi samu wurin faɗawa. Yanke ƙusa, ka zura, ka bar abin da ya leƙo kamar kaurin ƙusar sau ɗaya da rabi. Tokare kan ƙusar da uwar maƙera, ka bi ɗayan gefen da ƙananan bugu kewaye har shi yi kai kamar hula. Da wannan dabara ake ɗaure hannun tukunya, da marfin akwati, da murhun ƙarfe mai tsimin icce irin Mai Sauƙi, wanda anka yaɗa a Nijar cikin shekarun 1980.

Amalanke. Kowace ranar kasuwa, kafin ka ɗaura jaki, bi notuna ka ɗaure. Ɗaga ƙafa ka juya ta. In tana kuka ko tana rawa, tana son giris ko gyara. Gara ka ji kukan a gida da ka ji shi a kan hawan dutsi da buhun albasa goma.

Tsatsa. In an gama aiki, kankare laka, goge da tsumma mai ɗan mai, rataye. Kada ka bar ƙarfe kwance a ƙasa, kada ka aje shi kusa da buhun takin zamani. Taki na cin ƙarfe kamar gishiri.

AIKIN WUTA

Murhun ƙira ɗan rame ne, da bututun yumɓu mai kawo iska daga zugazugi zuwa gindin gawayi. Ƙarfe a tsakiyar garwashi ake sa shi, ba a bakin bututu ba.

Ƙarfe da launi shike magana. Shi ya sa maƙera ke da duhu: a rana ba a ganin ja sosai, sai mutum shi ƙona ƙarfe bai sani ba.

- Ja mai duhu: zafi bai isa bugu ba.
- Ja kamar nunannen barkono: wajen digiri 800. Nan ake ba da ruwa.
- Ruwan goro zuwa ruwan ɗorawa: digiri 900 zuwa 1.100. Nan ake bugu.
- Fari mai tartsatsi: ƙarfe na ƙonewa. Mai jin ruwa in ya kai nan ya lalace, sai a yanke wurin.

Ga wata dabara. Maganaɗisu, wanda yara ke ce ma mayen ƙarfe, ana samun shi a bayan lasifikar tsohuwar rediyo. In zafin ƙarfe ya kai wajen digiri 770, maganaɗisu ba shi kama shi. Ɗaure shi ga waya, ka riƙa taɓawa da sauri. In ya daina kamawa, ƙara zuga kaɗan, lokacin ruwa ya yi.

Mi ke faruwa in an ba ƙarfe ruwa? Zafi na sa karbon shi watsu cikin jikin ƙarfe kamar gishiri a ruwa. In ya huce sannu, karbon na komawa wurinshi, ƙarfe shi yi laushi. In an sanyaya shi farat ɗaya, karbon ba shi samun hanyar komawa, sai ƙarfe shi ɗaure shi yi tauri ƙwarai. Amma taurin nan irin na kwalba ne, bugu ɗaya shi fashe. Don haka sai an sake ɗumama shi kaɗan, a rage taurin, a ba shi jimiri. Wannan mataki na biyu shi ne masu koyo ke mantawa, shi ya sa bakin digarsu ke ɓallewa ran farko.

A wannan ɗumamawa ƙarfe ba shi yin ja. In ka goge shi ya yi haske, wasu launuka za ka gani suna tafiya a kanshi, bi da bi:

- Launin busasshen kara, wajen digiri 230: na wuƙa da aska.
- Launin ƙosai da ya soyu, wajen digiri 250: na gatari da gizago.
- Launin ɓawon albasar Galmi, wajen digiri 280: na diga, dagi da kurfi.
- Shuɗi, wajen digiri 300: na adda da duk abin da ake so shi lanƙwasa shi dawo.

Abin yanka mai laushi na tsayawa a launin farko. Abin da zai daki dutsi sai ya kai launin albasa.

YADDA AKE SAKE BAKIN DIGA

Fara koyo da ɗan guntun ƙarfe, ka mai da shi kurfi. In hannunka ya faɗa, sannan ka taɓa diga. Matakan duk ɗaya ne.

1. Cire ƙota. Gasa bakin, kamar tsawon tafin hannu, har shi yi ruwan goro.

2. Buga, ka juya, ka buga, gefe huɗu daidai wa daida, kana jan ƙarfen zuwa tsini. In launi ya koma ja mai duhu, mai da shi wuta. Bugun ƙarfen da ya huce shi ke sa tsaga a ciki.

3. Kada ka ja tsinin shi yi tsawo kamar allura. Gajeren tsini mai kauri shi ke jure fako.

4. Aje shi a iska shi huce da kanshi. In kana so shi yi laushi sosai don magagari, binne shi cikin toka mai ɗumi har safe. Gyara siffar bakin da magagari.

5. Mai da shi wuta, ka gasa kamar yatsa huɗu, sannu, kana juyawa, har maganaɗisu shi saki.

6. Tsoma yatsa biyu na tsinin a tsaye. Riƙa ɗan ɗagawa da saukewa, don kada tauri shi tsaya a layi ɗaya, nan ne ƙarfe ke karyewa. In tsinin ya yi baƙi ya daina kuka, fid da shi. Akwai sauran zafi a baya.

7. Yi maza ka goge gefe ɗaya da dutsin wasa har shi yi haske. Duba. Zafin baya zai gangaro, launuka na tafiya zuwa tsini: kara a gaba, ƙosai na bin shi, sannan albasa.

8. Da launin albasa ya iso tsini, tsoma bakin. Riƙe tsinin cikin ruwa har jan baya shi mutu, sannan ka nutsa sauran.

9. Gwada da magagari, sannan ka gwada a kan fako.

Ruwa ko mai? Ruwa na da kaifin sanyi. A yi da wanda ya ɗan ji rana, ba na randa mai sanyi ba. Sifirin mota da duk ƙarfe siriri sun fi son mai, ruwa na tsaga su. Man gyaɗa ya fi baƙin man inji, don hayaƙin baƙin mai na cutar ƙirji. Mai na iya kama wuta. Sa shi cikin gwangwanin ƙarfe mai marfi. In ya kama, rufe shi. Kada ka zuba mishi ruwa.

IN AIKI BAI YI BA

Baki ya ɓalle: tauri ya yi yawa. Ka tsoma tun launi bai iso ba, ko ka gasa ya wuce kima.

Baki ya naɗe: ko launi ya wuce shuɗi, ko zafi bai kai ba lokacin tsomawa, ko ƙarfen mai taushi ne tun asali.

Ya tsage cikin ruwa: ruwan ya yi sanyi da yawa, ko ƙarfen mai son mai ne, ko an buge shi a huce.

Ya karkace: an tsoma shi a kwance, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi.

Duk waɗannan, ban da tsaga da ƙarfe mai taushi tun asali, ana iya sake su daga mataki na 4.

GAWAYI

Maƙera sun fi son gawayin ƙirya, don shina da nauyi, shina riƙe wuta. Amma ƙirya ta yi wuya a ƙasarmu. Kada sha'awar ƙira ta sa ka sare ɗanyen icce. Iyayenmu sun sha wahalar dashe: layukan dogon yaro na Majiya tun 1975 anka fara su tare da ƙungiyar CARE, su ke tare ma gonaki iska. A yi gawayi da matacce, ko da furozofis, iccen nan mai ƙaya da ya cika gulabe, gawayinshi na da kyau. Kafin sara, a nemi izinin ma'aikatan daji. Tara aikinka na wuta ka yi shi rana ɗaya. Wutar da anka hura don diga ɗaya ta isa diga uku.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

- Baƙin ƙarfe ma na ƙuna. Duk abin da ke kusa da murhu, ɗauka da awartaki.
- Sa tabarau wajen sara da wasa. Kan kurfin da ya baje kamar laima, goge shi, don ɓarɓashinshi na tashi kamar harsashi. Kada ka buga guduma kan guduma.
- Kada ka kalli wutar walda da ido tsirara. Kore yara daga wurin.
- Kada ka gasa kwanon rufi ko bututu mai farin shafe. Tutiya ce a jikinsu, hayaƙinta na kawo zazzaɓi da ciwon ƙirji.
- Kada ka fasa batirin mota don narka darma. Darma guba ce, ta fi cutar yara ƙanana, tana taɓa ƙwaƙwalwa. Kada a yi cokali ko ludayi da ita.
- Kada ka yanka ko ka gasa tankin fetur, tulun gas, ko gangar da ba ka san abin da ta ɗauka ba. Ko babu kome ciki tana iya fashewa. Gangar maganin ƙwari ba ta zama mazubin ruwa ko murhu.
- Ƙarfen da ka tsinta a daji mai kama da kayan soja, kada ka taɓa shi. Sanar da mai gari.
- Kada ka sa tufa ta leda kusa da wuta, narkewa take ta manne ga fata. Sa ta auduga, da takalmi mai rufi.
- In ka ƙone, zuba ruwa mai tsabta kamar minti 20. Kada ka shafa toka ko mai ko kashin shanu. In ƙunar babba ce, ko ƙarfe ya soke ka, tafi gidan likita ran nan, a duba maganar allurar tetanos.

KARATUNKA YA YI RANA

Kai da ka fito makarantar yaƙi da jahilci, kana da abin da zai taimake ka: alƙalami. Samu ɗan littafi. Duk aikin da ka yi, rubuta irin ƙarfen, da inda ka samo shi, ruwa ka ba shi ko mai, wane launi ka tsaya, kwana nawa bakin ya yi kafin shi dakushe. Bayan rani ɗaya littafin zai gaya maka abin da ya dace da ƙasar gonarka. Koyi awo da santimita. In za ka ba maƙeri aiki, kai mishi awo da zane a takarda, babu gardama ran karɓa.

Ƙarfe ɗaya ba shi amo. Kayan aiki na da tsada ga mutum guda, amma ƙungiya na iyawa. A ce ku 20 ne, kowa ya kawo dala 100. An samu dala 2.000, wato jikka 10. Ku fara da magagari da guduma da tabarau, ku ƙara sannu. Ku sa akwati da makulli, ku zaɓi mai riƙo da mai rubutu. Wanda ya ara a rubuta, ran da ya maido a rubuta. Mata su shiga, su ma suna da wuƙa da lauje da gatarin icce da tukwane. Ku shirya da maƙerin gari rana ɗaya cikin mako, ku kai gawayi, ku biya shi ladan koyarwa yadda kunka daidaita.

TAMBAYOYI DON ZAMAN KU NA SAURARE

1. Bara, mutum nawa a garinku sunka yi jinkirin shuka ko noma saboda kayan aiki?
2. Ina ake samun tsohon sifirin mota kusa da ku, kuma wa ke zuwa can?
3. Wane launi maƙerin garinku ke tsayawa in shina ba gatari ruwa? Ku tambaye shi, ku gwada da abin da kunka karanta.
4. Wa zai riƙe akwatin kayan aiki?

Ku rubuto mana amsoshinku ta hannun malamin gona na yankinku, za mu karanta su a shirin manoma. Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba.

Allah shi kai mu damana lafiya, shi ba mu ruwa mai albarka.